Daga Kaka Zuwa Hunturu: Waɗansu Ranaku a Tarihin Daudu da Doka



Maganar da zan yi yau tana cikin waɗanda Bahaushe yake sassauta murya in zai taɓo su, wato maganar 'yan daudu da abin da doka ta ce a kansu. Amma fa rashin faɗin abu ba ya kawar da shi, kuma wanda zai zartar da doka ko ya koyar da harshe, wajibi ne ya san ma'anar kalmar da yake aiki da ita. Na zaɓi in bi ta kan 'yan watannin nan na tsakanin kaka da hunturu, domin ranaku da dama na wannan tarihi a cikinsu suka faɗo.

Lokacin da wurin

In aka shiga Oktoba, a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ana yankan shinkafar damina, kafin Nuwamba ya ƙare kuwa an fara shuka alkama, an dasa tumatir da albasa. Wannan ya samu ne tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A da, da zarar an kai amfani rumbu sai samari su tafi cin rani. Da ruwan Tiga ya zo sai abin ya juya, baƙi suka riƙa zuwa neman aikin gona da dako da fataucin tumatir a bakin hanyar Kano zuwa Zariya. To, duk inda maza suka taru nesa da iyalinsu, dole a sami mai dafa musu abinci. A tashoshin mota da kasuwannin ƙasar Hausa kuwa, tun da daɗewa 'yan daudu suna cikin masu riƙe da wannan sana'a ta tuwo da shinkafa da suyar kaji.

Kalmar kanta

Daudu kirari ne na Galadima. Masana da dama suna danganta sunan 'yan daudu da Ɗan Galadima, wani daga cikin iskokin bori, wanda aka sani da ado da kyauta da son caca, domin kuwa a wuraren wasan bori da gidajen mata masu zaman kansu aka fi ganin su a da. A Hausar yau, ɗan daudu shi ne namijin da ya ɗauki ɗabi'un mata: karya murya, da tafa hannu, da ɗaura zane in zai yi girki, da iya habaici. A tsakaninsu sukan kira juna da "ke", su ce "ƙawata", babba ya zama "uwa" ga ƙaramin da ya koya wa sana'a. Wani masanin harshe ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, ya yi bincike a kan wannan salon magana a Kano, ya buga littafi a 2009.

Abin lura a nan shi ne, Hausa ta raba kalmomi biyu. Daudu ɗabi'a ce da sana'a, ana ganin ta a fili. Luwaɗi kuwa aiki ne, wanda Musulunci ya haramta, sunansa ma daga ƙissar mutanen Annabi Luɗu ya fito. Akwai inda biyun suke haɗuwa, ba mai musun haka. Amma akwai ɗan daudu mai mata da 'ya'ya, akwai kuma mai aikata ɗayan wanda ba ka taɓa jin ya karya murya ba. Haka nan kalmar da Turawa suke kiran masu neman jinsinsu da ita ba ta yi daidai da ko ɗaya daga cikin biyun ba, domin ita suna ce ta jama'ar da ta bayyana kanta tana neman haƙƙi a siyasa.

Ranakun waje

Ranar 25 ga Oktoba 1800 aka haifi Thomas Macaulay, Baturen da ya tsara dokar laifuffuka ta Indiya, wadda aka zartar a Oktoban 1860. Sashe na 377 na wannan doka shi ne ya hukunta abin da ya kira saduwar da ta saɓa wa halitta. Daga Indiya dokar ta bi ta Sudan, daga Sudan ta iso mana.

Ranar 16 ga Oktoba 1854 aka haifi marubuci Oscar Wilde a Dublin. An ɗaure shi shekara biyu da aiki mai tsanani a 1895 a kan irin wannan tuhuma, ya mutu a Faris ranar 30 ga Nuwamba 1900, a wulaƙance. Ingila ta sassauta dokar tata a 1967. A Disamban 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire neman jinsi daga jerin cututtuka. A Nuwamban 1977 aka zaɓi Harvey Milk ɗan majalisar birnin San Francisco, alhali bai ɓoye halinsa ba, aka harbe shi ranar 27 ga Nuwamba 1978. Ranar 30 ga Nuwamba 2006 kuma Afirka ta Kudu ta halatta auren jinsi, ita ce ta farko a nahiyarmu.

Ranakun gida

Mu a nan hanyar da aka bi dabam ce. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa ta fara aiki a 1960. Sashe na 284 ya tanadi ɗauri har shekara 14 a kan aikin, sashe na 405 kuma ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan iskan gari. Kun ga ke nan, da wannan sashe daudu da kanta ta shiga littafin laifi, ko da ba a tabbatar da komai ba bayan shigar.

Ranar 27 ga Oktoba 1999 aka ƙaddamar da shari'a a Gusau. Kano ta bi a 2000, dokarta ta fara aiki a Nuwamban shekarar, hukuncin luwaɗi a cikinta ya kai har rajamu. A 2003 aka kafa Hukumar Hisba da doka. Ranar 29 ga Nuwamba 2011 Majalisar Dattawa ta amince da dokar hana auren jinsi, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a Janairun 2014: shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, shekara 10 ga mai shaida ko mai kafa ƙungiya.

A tsakanin waɗannan shekaru wasan bori ya ja baya, gidajen da 'yan daudu suke raɓa aka rurrufe da yawa, sai dai siffarsu ta koma abin dariya a finafinai, kamar yadda marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamban 2014, ya riƙa kwaikwayon su.

Kammalawa

Me ya sa ma'aikaci ko ɗalibi zai damu da wannan? Domin shari'ar da ta tsananta hukunci, ita ce kuma ta tsananta hujja. A mazhabar Malikiyya ba a tabbatar da wannan laifi sai da iƙirari ko shaidu huɗu adalai da suka gani da ido. Wanda ya jefi wani ba tare da hujja ba, shi ne ya yi ƙazafi, kuma Suratul Hujurati ta hana zato da bin diddigin asirin mutane. Saboda haka murya ko tafiya ko tukunyar shinkafa a bakin tasha ba shaida ba ce. Ɗan sandan da zai rubuta tuhuma, da malamin asibitin da mara lafiya zai tsaya gabansa, da malamin makarantar da yara suka tsangwami wani yaro a ajinsa, kowannensu yana riƙe da mutuncin wani a hannu, mutunci kuwa madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. In mun bar kalmomin nan biyu suka cuɗe a bakinmu, to, za mu hukunta mutum a kan abin da ba a tabbatar ya yi ba, kuma wannan zalunci ne a kowace doka daga cikin waɗanda na lissafa.