Buɗe Kwaɗo a Dungeons & Dragons: Daƙiƙa Shida Ko Awa 51?

Idan ka kalli Stranger Things, ka ga yaran nan sun zagaye tebur suna jefa ɗan lido mai fuska 20. Wasan shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari, sauran kowa da jaruminsa: mayaƙi, matsafi ko ɓarawo. Duniya ce ta dodanni da tsafi, amma ka san abin da ke yawan haɗa 'yan wasa musu? Ƙofa a kulle.

Ga yadda lissafin yake. A bugu na biyar na 2014, kwaɗo na gama-gari yana buƙatar maki 15. Sabon ɓarawo mai saurin hannu yakan samu ƙarin maki 5, wato sai ya jefa 10 ko sama. Damarsa kashi 55 cikin ɗari ke nan. A bugun 1978 ma abin ya fi tsanani, ɓarawon matakin farko kashi 25 kawai gare shi. Ka duba fa, mutumin da sana'arsa ke nan, sau uku cikin huɗu yana shan kunya a bakin ƙofa!

Nan masu son gaskiya ke ɗaga murya, kuma suna da hujja. Makullan Turai na zamanin takobi da sulke ba su da wani ƙarfi. 'Yan shingayen ƙarfe ne a ciki, da an goge haƙoran ɗan makulli sai ya wuce su salin-alin. Ingantattun makullai sai daga baya suka zo: na Robert Barron a 1778, na Joseph Bramah a 1784. Bramah har kwaɗo ya ajiye a tagar shagonsa a Landan, da ladan gini 200 ga duk wanda ya buɗe. Shekaru sama da 60 babu wanda ya iya, sai a 1851 wani Ba'amurke, Alfred Charles Hobbs, ya buɗe shi bayan awa 51 na aiki cikin kwana 16. A wasan kuwa zagayen faɗa ɗaya daƙiƙa shida ne.

To ka ga gaskiyar ta rabu biyu. Kwaɗo mai arha ba ya ɗaukar gwani minti ɗaya, leƙa tashar LockPickingLawyer a YouTube ka sha mamaki. Mai kyau kuma kwanaki yake ci. Ɗan lido bai san wannan bambancin ba.

Kuma ba lissafi ne kaɗai matsalar ba. A ce abokinka ya zuba duk makinsa a gwanintar buɗe kwaɗo, ya jefa 3, jagora ya ce ƙofa ta ƙi. Labari ya tsaya cak, mutum biyar sun yi jugum, kowa ya koma latsa waya. Can sai matsafi ya karanta tsafin Knock, ƙofa ta buɗe nan take. Wallahi ɓarawon nan ji zai yi kamar ɗan rakiya ne. Shi ya sa a bugu na biyar aka sa wa tsafin farashi: yana yin ƙarar da ake ji har nisan ƙafa 300. Mai gaggawa ya yi tsafi, mai son sirri ya jira ɓarawo.

Idan kai ne jagora, kafin ka ce a jefa, tambayi kanka: me za a rasa in an faɗi? In babu mai gadi, babu ƙurewar lokaci, bar gwani ya buɗe abinsa. Bugu na uku na shekarar 2000 ma ya amince da haka: ka ɓata ninki 20 na lokaci, a ɗauka 20 ka jefa. In kuwa akwai haɗari, bari faɗuwa ta jawo wani abu. Ƙofa ta buɗe amma ƙarfen aikin ya karye, ko kare ya yi haushi, ko fitila ta mutu.

Sannan ka tuna ƙofa tana da hinji, gida yana da taga, mai gadi kuma yana da aljihun da ɗan makulli ke ciki. Ba wa 'yan wasanka waɗannan hanyoyin, ka ga yadda tebur zai ɗau zafi.

Shin a ganinka wanne ya fi: kwaɗon da ya yi kama da na gaske, ko wanda ya sa labari ya ci gaba?