Gani Fawehinmi, Lauyan da Ya Tsaya wa Ɗalibai Har Kotun Ƙoli

Duk ɗalibin da aka taɓa kira gaban kwamitin ladabtarwa, ko yake fargabar a kira shi, ya kamata ya san sunan Cif Gani Fawehinmi. An haife shi a Ondo a 1938, ya karanta lauya a Landan, inda mahaifinsa ya rasu yana tsakiyar karatu, sai da ya yi aikin shara da wankin banɗaki kafin ya kammala. Ya fara aikin lauya a Najeriya a 1965.

Shari'ar da ta fi shafar mu ita ce ta Garba da Jami'ar Maiduguri. A Fabrairun 1983 aka yi tarzoma a jami'ar, aka ƙona dukiya, aka yi wawaso. Hukumar makaranta ta kafa kwamitin bincike, ta kori ɗalibai. To amma wa aka ɗora shugabancin kwamitin? Mataimakin shugaban jami'ar, wanda shi kansa tarzomar ta shafa. Kai ne mai ƙara, kai ne alƙali, ina gaskiya za ta fito? Gani ya bi maganar har Kotun Ƙoli, wadda ta soke korar a 1986. Dalili biyu ta kawo: ba a yi wa ɗaliban adalci wajen sauraro ba, sannan zargin ƙone-ƙone da sata babban laifi ne, kotu ce ke da hurumin yanke hukunci a kai, ba kwamiti ba.

Kada wani ya ɗauka lasisin fasa gilasai aka ba mu. Makaranta na da ikon ladabtarwa. Abin da nake so mu riƙe shi ne, dole a faɗa maka laifinka, a bar ka ka kare kanka, kuma wanda ke ƙararka ba zai zauna yana yanke maka hukunci ba.

Da aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba, 1986, Gani ya nemi gurfanar da manyan jami'an tsaro biyu da kansa. A 1987 Kotun Ƙoli ta yarda yana da wannan damar. Har yau ba a hukunta kowa kan kisan ba, amma ƙofar da ya buɗe wa ɗan ƙasa tana nan. Ya ɗanɗana kuɗarsa kuwa: gwamnatocin soja sun sha tsare shi, ya kwana gidan yarin Gashuwa zamanin Babangida, ya kwana na Bauci zamanin Abacha.

Akwai kuma aikin da ba a cika ambata ba, wanda ni a ganina ya fi hayaniyar siyasarsa tasiri. A 1985 ya fara buga hukunce-hukuncen manyan kotuna mako-mako, ta yadda lauyan da ke Gusau zai karanta abin da aka yanke a Legas ba tare da ya san wani babba ba.

Muƙamin SAN bai zo masa ba sai 2001, bayan wasu ƙannensa a aikin sun samu. Tun kafin nan ɗaliban jami'ar Ife sun naɗa shi Babban Lauyan Talakawa. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003 bai kai labari ba. A 2008 gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ba shi lambar girmamawa ta OFR, ya ce ba ya so. Ya rasu ranar 5 ga Satumba, 2009, sakamakon cutar kansar huhu.