Mutanen Vikin da Azurfar Musulmi

Vikin suna ne da ake kiran maharan teku na arewacin Turai da shi, wato mutanen ƙasashen da a yau ake kira Denmak da Norwe da Siwidin, waɗanda suka addabi maƙwabtansu tun daga harin da suka kai wa gidan ibadar Kirista na tsibirin Lindisfarne a Ingila a shekarar 793, har zuwa faɗuwar Sarki Harald Hardrada a 1066. Matasan Pantami da sauran unguwannin Gombe galibi a finafinai suka san su, sanye da kwalkwali mai ƙaho, alhali kuwa ƙahon nan ƙarin gishiri ne na masu zanen ƙarni na 19.

Ƙarfinsu a jirgin ruwa yake. Sukan jera falankin katako, gefen wani a kan gefen wani, su ɗaure da ƙusoshin ƙarfe, su toshe kafofin da gashin dabba da ƙaro, har jirgin ya fito siriri marar nauyi, yadda zai keta teku, ya kuma kutsa cikin kogi marar zurfi. Da irinsa suka haura kogi suka auka wa Ishbiliya ta Andalus a 844, kafin rundunar Sarki Abdurrahman na Biyu ta fatattake su. Marubutan Larabci sun kira su Majusu, sunan da aka saba ba masu bautar wuta.

Sai dai wanda ya tsaya a kan hare-hare ya ga rabin labari ne kawai, domin mutanen nan fatake ne na gaske, kuma kamar yadda madugu kan ja ayari daga Kano zuwa Gwanja neman goro, haka suke bin kogin Volga da fatun dabbobi da takubba da bayi neman azurfa. A can ne Ahmad bin Fadlan, manzon Halifa Muƙtadir na Bagadaza, ya gamu da reshensu da ake kira Rus a 922, ya yaba tsayinsu da ƙirar jikinsu, ya kushe ƙazantarsu ba tare da sakayawa ba, ya kuma bayyana yadda suka ƙone gawar wani shugabansu cikin jirgi tare da kuyangar da aka kashe domin ta raka shi.

Dirhami, wato kuɗin azurfa na daulolin Musulunci, shi ne abin da suka fi ƙwallafa rai a kai. Rubutun da ke jikinsa bai dame su ba, nauyi suke bi, saboda haka sukan datsa shi gutsi-gutsi su ɗora a ma'auni. A 1999 an tono wata taska a Spillings da ke tsibirin Gotland na Siwidin, mai nauyin kilo 67 na azurfa, a ciki har da tsabar kuɗi fiye da 14,000, mafi yawansu dirhamomi ne masu rubutun Larabci.