Ledar da aka haɗa da sitaci: ruɓewa take yi ko dagargajewa?

Tun ranar 5 ga Nuwamban 2014 Nijar ke da dokar da ta haramta ƙerawa, shigowa da kuma sayar da leda marar kauri. Amma duk wanda ya ratsa kasuwar Dole ta Damagaram ko unguwannin Maradi ya san ledar tana nan, maƙale a ƙaya, cushe a magudanan ruwa, wata kuma cikin tumbin awaki. Shi ya sa ake ta maganar ledar da aka rubuta wa « biodégradable », wato mai ruɓewa. Da yawa daga cikin irinta da sitacin masara, dankali ko rogo ake yin su.

Sitaci shi kaɗai ba ya yin leda. Yana shan ruwa, in ya bushe kuma sai ya karye. Ita kuwa robar da ake samu daga man fetur ba ta shiri da ruwa, don haka haɗa su tamkar haɗa mai da ruwa ne. Sai an dafa sitacin da gilisarin ya yi laushi, a sauya shi da sinadarai don ya rage shan ruwa, sannan ya kama robar cikin injin narkarwa.

Abin dubawa shi ne wace roba aka haɗa shi da ita. A shekarun 1970, wani masani a Ingila, Gerald Griffin, ya cusa sitaci cikin poliyetilen, wato robar ledar da aka saba. Ƙwayoyin halitta na ƙasa suna cinye sitacin, su bar robar ta dagargaje ƙanana-ƙanana. Ido ya daina ganinta, amma tana nan cikin gona. Wannan ba ruɓewa ba ce.

Kamfanin Novamont na Italiya ya bi wata hanya: ledarsa mai suna Mater-Bi tana haɗa sitaci da robar da ita kanta ƙwayoyin ke iya ci. Ko ita ma da sharaɗi. Ƙa'idar Turai ta EN 13432 ta nemi kashi 90 cikin 100 ya ruɓe cikin wata 6, amma a masana'antar taki, inda akwai zafi da danshi kullum. Zafi dai ba ya ƙaranci a Tawa ko Yamai. Danshin ne babu. Ledar da iska ta rataye kan ƙaya a watan Maris sai ta jira damina kafin ƙwayoyin su taɓa ta.