Zargi Huɗu Da Ake Yi Wa Addinin Kirista, Da Amsar Da Mabiyansa Ke Bayarwa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba a nan Ikko, ko kuwa a wata rumfa a unguwar Sabo ta Badun, ya san cewa in aka ɗauke siyasa da tsadar kaya, babu hirar da ta kai ta addini ɗaukar zafi. Abin da mutum zai lura da shi kuwa shi ne, galibi wanda ake magana a kan addininsa ba ya wurin. Musulmi su taru su yi ta bayanin abin da Kirista ya gaskata, can kuma a wani lungu Kirista su taru suna nasu bayanin a kan Musulmi, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi.

Irin wannan hira ba abin wasa ba ce a ƙasarmu. A watan Maris na 1987, gardama a kan wani wa'azi da aka yi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan ita ce ta zama wutar da ta bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka yi hasarar rayuka, aka ƙone wuraren ibada da dukiya mai yawa. Saboda haka ne wannan fili ya ga ya kamata ya ɗauko manyan zarge-zarge guda huɗu da aka fi yi wa Ikilisiya da koyarwarta, ya ajiye kowane tare da amsar da malaman Kirista ke bayarwa, tun da an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Nufinmu mai karatu ya san abin da maƙwabcinsa ya riƙe kamar yadda shi maƙwabcin ya riƙe shi, sa'an nan kowa ya tsaya a kan abin da ya yarda da shi.

Wai addinin Bature ne

Zargi na fari, wanda ya fi kowane yaɗuwa, shi ne cewa addinin Kirista kayan Turawa ne, sun shigo da shi ne tare da bindiga da haraji don su mallake baƙar fata.

Amsar da Kirista ke fara bayarwa ta tarihi ce. A ƙasar Falasɗinu aka haifi Annabi Isa, wanda su ke kira Yesu Almasihu, kuma addinin ya kafu a Afirka tun kafin ya kai yawancin ƙasashen Turai. Sarki Ezana na Aksum a ƙasar Habasha ya karɓe shi wajen shekara ta 330, alhali kakannin Ingilishi sai a shekara ta 597 aka aiko musu da mai wa'azi daga birnin Rum. Wannan ƙasa ta Habasha ita ce wadda Musulmin farko suka yi hijira zuwa cikinta a shekara ta 615, sarkinta Najjashi ya ba su mafaka, ya kuma ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa. A ƙasar Nuba, watau arewacin Sudan ta yanzu, an yi daulolin Kirista masu hedkwata a Dongola da Soba tun daga ƙarni na 6 har zuwa wajen shekara ta 1500. Agustin, malamin da Katolika da Furotestan duka ke dogara da littattafansa, an haife shi ne a shekara ta 354 a garin da yanzu ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya.

Game da cewa 'yan mishan 'yan koren gwamnatin mallaka ne, abin da ya faru a Arewa ya fi haka sarƙaƙiya. Lokacin da Bishop Tugwell da jama'arsa suka isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su, kuma babu sojan da ya zo ya tsaya musu. Bayan an ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, daga nan kuma razdanoni suka yi shekaru suna hana 'yan mishan kafa tasha a cikin biranen Musulmi. Likita Mila, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya sha yin sa-in-sa da jami'an gwamnati, kuma zuwa 1929 an mayar da tasharsa bayan gari, a Wusasa.

Duk da haka akwai gaskiya a cikin zargin, kuma masu adalci daga cikin Kirista ba su musunta ta. Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka kama bawa yana yaro, aka 'yanta shi a Saliyo, ya zama bishop baƙar fata na farko a ɗarikar Angalika a 1864, a ƙarshen rayuwarsa wasu samarin Turawan mishan suka wulaƙanta shi, suka kori ma'aikatansa, ya rasu a Ikko a 1891 cikin baƙin ciki. Cinikin bayi ma akwai hannun Kirista dumu-dumu a ciki. Paparoma John Paul na Biyu ya nemi gafara a kan haka a tsibirin Gore na ƙasar Senegal a 1992, Cocin Ingila kuma ta yi nata neman gafarar a 2006. Abin da suke ƙarawa shi ne, waɗanda suka yi ta fafitika a majalisar Ingila har aka haramta cinikin a 1807, irin su William Wilberforce, su ma da hujjar addinin suka yi.

A yau dai ragamar Ikilisiya a Nijeriya tana hannun 'yan ƙasa. Ɗarikar ECWA ta tsaya da ƙafafunta tun 1954, kuma masu zuwa sujada ranar Lahadi a ɗarikar Angalika sun fi yawa a Nijeriya bisa ga Ingila kanta.

Wai alloli uku suke bauta wa

Zargi na biyu ya fi na farko nauyi, domin ya taɓa tushen imani. Sau da yawa akan ji mutum ya ce Kirista alloli uku gare su, wani ma ya lissafa har da Maryamu.

Kirista na kowace babbar ɗarika suna ƙin wannan magana ƙwarai. Shahadar bangaskiyarsu, wadda aka tsara a taron birnin Nikiya a shekara ta 325, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, da tabbatar da cewa Allah ɗaya ne ta fara. Abin da suke koyarwa, wanda suke kira Triniti, shi ne cewa zatin Allah ɗaya ne tak, amma a cikin wannan kaɗaitaka akwai Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Maryamu ba ta cikin lissafin. Katolika suna girmama ta ƙwarai, amma koyarwarsu ta hana a bauta mata. Wani abin lura shi ne, manyan da suka kafsa wannan muhawara mutanen Afirka ne. Tertuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yanzu, shi ya fara amfani da kalmar Triniti a harshen Latin. Atanasiyus, wanda ya tsaya kai da fata a kan koyarwar Nikiya, da Ariyus, wanda ya yi jayayya da ita, dukansu malaman Iskandariya ne ta ƙasar Masar.

Kalmar "Ɗan Allah" ita ce ta fi yi wa kunnen Musulmi nauyi. Kirista na cewa ba su nufin haihuwa irin ta jiki, ko cewa Allah Ya yi aure, kuma su ma suna ɗaukar wannan tunani saɓo ne. Abin da suke nufi, in ji su, dangantaka ce ta har abada tsakanin Allah da Kalmarsa, wadda suka gaskata ta zama mutum.

A nan wajibi ne a faɗi gaskiya: wannan amsa tana gyara kuskuren fahimta, amma ba ta kawar da saɓani. Musulmi sun yi imani Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzonSa, an haife shi ba uba, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Kirista sun gaskata shi Allah ne cikin jiki, an gicciye shi, ya tashi a rana ta uku. Duk wanda ya ce maka maganar ɗaya ce, bai yi wa kowane ɓangare adalci ba.

Wai an canza Littafin

Na uku shi ne cewa Littafi Mai Tsarki da ke hannun Kirista yanzu ba shi ne na asali ba, hannuwa sun shiga cikinsa.

Amsarsu ita ce a je a duba tsofaffin rubuce-rubuce. A 1947 wasu makiyaya Larabawa suka tsinci tuluna cike da naɗaɗɗun fatu a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri. A cikinsu akwai littafin Annabi Ishaya sukutum, wanda aka rubuta fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu, kuma da aka gwada shi da kofen Ibrananci da ake amfani da su, waɗanda ya girme su da wajen shekara 1,000, aka tarar yawancin bambancin na rubutun kalmomi ne. Na Sabon Alkawari kuwa, akwai kofe na hannu fiye da 5,000 cikin Helenanci. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka samo a gidan ibadar Dutsen Sina'i, an rubuta shi a ƙarni na 4. Gwamnatin Rasha ta sayar wa Ingila shi a 1933 a kan fam 100,000, yawancinsa kuma yana ɗakin karatu na ƙasa a London.

Malaman Kirista ba su cewa babu bambanci tsakanin kofen. Ayoyi 12 na ƙarshen Linjilar Markus, da labarin matar da aka kama da zina a Linjilar Yahaya, babu su a kofe mafi tsufa, kuma yawancin bugu na zamani suna rubuta haka ɓaro-ɓaro a gindin shafi. Kazalika Littafin Katolika yana da littattafai 73, na Furotestan 66, bambancin duka a Tsohon Alkawari yake. Na Sabon Alkawari 27 ne a wurin kowa, kamar yadda Atanasiyus ya jera su a shekara ta 367. Hujjarsu ita ce, wanda ke son ɓoye canji ba zai buga shi a gindin shafi ba.

Akwai kuma bambancin fahimtar wahayi. A wurin Musulmi, Alƙur'ani lafazinsa saukakke ne da Larabci, fassara kuma ma'ana ce kawai. Kirista kuwa sun ɗauka mutane ne suka rubuta Littafinsu bisa ja-gorar Ruhun Allah, kowa da harshensa da salonsa, shi ya sa suke ɗaukar fassara a matsayin Littafin kansa. Cikakkiyar fassarar Hausa ta fito a 1932.

Wai kasuwanci ne

Na huɗu zargi ne na zamaninmu: coci ta zama kamfani, fasto na shiga jirgin sama nasa na kansa, talakan da ya ba da zakka da baiko kuwa yana tafiya a ƙasa.

Wannan zargi Kirista da yawa ba su kare shi, su ne ma kan gaba wajen yin sa. Sukan tuna cewa Linjila ta ba da labarin yadda Almasihu ya kori 'yan kasuwa da 'yan canji daga Haikali, kuma rabuwar da ta haifi ɗarikun Furotestan ta faro ne a 1517, lokacin da Martin Luther ya tashi a Jamus yana sukar sayar da takardun gafara. Roƙonsu shi ne kada wake ɗaya ya ɓata gari, a dubi sauran aikin. Asibitin Vom an buɗe shi a 1922, asibitin ido na Kano a 1943, na Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950, kuma ba a tambayar majiyyaci addininsa kafin a duba shi. Daga Wusasa aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafa ta. Da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Da Malam John Tafida, wanda shi da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi.

Amma asibitin jiya ba zai wanke almubazzarancin yau ba. Amsar wannan zargi tana hannun shugabannin coci da kansu, watau su riƙa bayyana wa mabiya abin da ya shigo da inda ya tafi.

To, jama'a, in an auna waɗannan huɗun za a ga ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko tarihi ya rushe rabinsa, ya tabbatar da rabi. Na biyu da na uku akwai kuskuren fahimta da za a iya gyarawa, a ƙarƙashinsa kuma akwai saɓani na haƙiƙa wanda ya kai shekara 1,400, ba kuwa a teburin mai shayi za a warware shi ba. Na huɗu cuta ce da ba ta bar masu riƙe da amanar kowane addini ba.

Abin da ya rage mana shi ne ladabin gardama. Liman Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna sun taɓa jagorancin ƙungiyoyin matasa masu gaba da juna. A rikicin 1992 fasto ya rasa hannunsa, liman ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sasanta tsakanin mabiya addinai, kuma babu wanda ya bar addininsa a cikinsu. Wanda zai soki koyarwar Kirista yana da 'yancin yin haka, kamar yadda Kirista ke da 'yancin ba da amsa, amma ya fara tambayar mai ita abin da take cewa. Haka nan mai wa'azin Kirista da zai ɗauko maganar Musulunci, ya je ya tambayi malami tukuna.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.