Lafiyar Jiki da Lafiyar Rai a Mahangar Abu Zaid al-Balkhi

Gabatarwa

Sau da yawa idan ɗalibi ko magidanci ya faɗa cikin ƙuncin zuciya mai tsawo, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita daga ransa, hukuncin farko da jama'a kan yanke shi ne imaninsa ya yi rauni, ko kuma an yi masa sammu. Sai a ƙara masa wa'azi a bar ciwon yana cin sa. Wannan maƙala tana bayani a kan yadda wani malami na ƙarni na uku zuwa na huɗu bayan Hijira ya fahimci alaƙar jiki da rai, domin a ga cewa magabata ba su raba kula da ɗaya daga kula da ɗayan ba.

Malamin da littafinsa

Abu Zaid Ahmad bn Sahl al-Balkhi ya fito ne daga yankin Balkh, a cikin Afganistan ta yau, ya yi karatu a Iraƙi wajen al-Kindi, ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, daidai da 934 Miladiyya. An fi saninsa da ilimin labarin ƙasa, amma littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus shi ne ya shafi wannan bahasi. Ya kasa shi gida biyu. Kashi na farko ya yi magana a kan maslahar jiki: mazauni, iska, ruwa, abinci, barci, wanka da motsa jiki. Kashi na biyu kuma ya keɓe shi ga maslahar rai. Ya yi ƙorafin cewa likitocin zamaninsa sun mayar da hankali ga jiki kawai, alhali mutum na iya daɗewa bai kwanta ciwo ba, amma da wuya yini ya wuce fushi ko tsoro ko baƙin ciki bai taɓa shi ba.

Ginshiƙin ra'ayinsa shi ne jiki da rai a sarƙe suke. Wanda zazzaɓi ya kayar, tunaninsa kan dushe, ya kasa fahimtar karatu. Wanda damuwa ta cinye kuwa, jikinsa kan rame, daɗin rayuwa ya gushe masa.

Baƙin ciki iri biyu

Al-Balkhi ya tattauna cututtukan rai guda huɗu: fushi, tsoro da firgici, baƙin ciki, da waswasi. Inda ya fi nuna zurfin nazari shi ne rarrabewar da ya yi a kan baƙin ciki. Akwai wanda sababinsa sananne ne, kamar rasuwar masoyi ko asarar dukiya. Maganin wannan yana zuwa ta hanya biyu. Ta waje, ita ce nasihar mutum mai hikima wanda majinyaci ya amince da shi. Ta ciki kuma, ita ce mutum ya horar da tunaninsa: ya tuna cewa duniya ba a gina ta a kan samun duk abin da ake so ba, ya auna musibarsa da wadda ta fi ta, ya gane cewa raɗaɗi yakan fi tsanani a farkonsa sannan ya riƙa raguwa.

Iri na biyu shi ne ƙuncin da yake sauka haka kawai, ba tare da wani dalili da mai shi zai iya nunawa ba, ya hana shi walwala da kuzari. Al-Balkhi ya danganta wannan ga matsalar jiki, ya ce yana buƙatar maganin likita, tare da kyakkyawar mu'amala da abin da zai faranta rai. Bayanin da ya yi na sababin ya ginu ne a kan ilimin likitancin zamaninsa, wanda yanzu an wuce shi, amma rarrabewar kanta tana nan da amfaninta: ba kowane ƙunci ne wa'azi kaɗai yake warkarwa ba.

Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Ga mai waswasi kuwa, ya gargaɗe shi da kaɗaici da zaman banza.

Dacewarsa da Shari'a

Wannan fahimta tana da tushe a nassi. Suratu Yusuf ta ba da labarin Annabi Yaƙubu (AS), wanda baƙin ciki ya kai ga idanunsa suka yi fari, alhali yana cikin mafi cikar bayi a haƙuri. Don haka baƙin ciki ba hujja ba ce ta ƙarancin imani. A cikin Sahihul Bukhari kuma, Salmanul Farisi (RA) ya tarar da Abud Darda'i (RA) ya ƙaurace wa abinci da barci da iyalinsa saboda ibada, sai ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da kansa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata Salman. Haka nan malaman Usul sun lissafa kiyaye rai da kiyaye hankali cikin manufofi biyar na Shari'a, tare da addini da zuri'a da dukiya.

Kammalawa

Nauyi na musamman yana kan limamai da malaman makarantu, domin su ne mutane suke fara kai wa kukansu. Ya kamata su saurara kafin su yi hukunci, su tambayi mai ƙorafi game da barcinsa da cinsa da tsawon lokacin da ya ɗauka a wannan hali. Idan ƙuncin ya daɗe, ko mutum ya fara ambaton gajiya da rayuwa, wajibi ne a gaggauta kai shi ga likita, a ci gaba da tallafa masa da addu'a da zikiri da zumunci. Neman magani ba ya cin karo da tawakkali, yana daga cikin riƙo da sababi wanda Shari'a ta yi umarni da shi. Allah ne Mafi sani.