Ƙananan kalmomin Turanci da ke sauya ma'anar magana

Maganganun Turanci da dama suna da tsayayyen tsari, kuma sau da yawa 'yar ƙaramar kalma ce ke riƙe da ma'anar. Idan takardar ciniki ta ce "pay by Friday", ana nufin a biya kafin Juma'a ta wuce; wanda ya kai Litinin ya saɓa sharaɗi. "On time" na nufin daidai lokacin da aka tsayar, "in time" kuwa kafin lokaci ya ƙure. Bahaushe kan ce "ara mini", shi ya sa ake jin "borrow me" a kasuwa, alhali "lend me" ne daidai. Hanya mafi sauƙi ita ce a haddace kowace magana ɗungurungum, a kuma karanta takarda da kyau kafin a sa hannu.